Agogo mai ƙirga baya: yadda Hanif Abdurraqib ke ɗinke waƙa da ƙwallon kwando da tarihin Baƙaƙen Amurka

A watan Fabrairun 1983, kafin a jefa ƙwallo sama a wasan taurarin NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, na shekara-shekara a filin Forum da ke gefen Los Anjalis, an kira mawaƙi Marvin Gaye ya rera taken Amurka. Yadda aka saba, mai rerawa yakan tsaya ƙyam, jama'a su dafa ƙirji, a gama a zauna. Shi kuwa sai ya fito cikin kwat da baƙin tabarau, aka sakar masa kiɗan na'ura mai laushi, ya riƙa jan taken a hankali kamar mai lallashin budurwa. Kafin ya dire, 'yan kallo sun koma tafi bisa kari. Baitocin da yake rerawa Francis Scott Key ne ya rubuta su a 1814, mutumin da shi kansa ya mallaki bayi. Shekara ɗaya da 'yan makonni bayan wannan rana, ran 1 ga Afrilun 1984, mahaifin Gaye ya harbe shi har lahira.

A cikin wannan shekara ta 1983 aka haifi marubuci Hanif Abdurraqib a Kolambus, babban birnin jihar Ohayo. Da ya tattara maƙalunsa na farko a littafi a 2017, sai ya gutsuttsura labarin Gaye da taken ƙasar, ya riƙa dawowa kansa tsakanin sassan littafin. Wanda ya fahimci abin da ya ja shi ga wannan rana ya samu bakin zaren aikinsa gaba ɗaya: ga filin wasa, ga waƙar da kowa ya sani, ga Baƙin mutum yana ƙoƙarin lanƙwasa abin da ba don shi aka ƙera ba, ga kuma mutuwa tana laɓe a bayan ƙofa.

Abin tambaya shi ne me ya sa marubuci mai neman asalinsa zai nufi faifan waƙa da filin ƙwallo, ga ɗakunan adana tarihi birjik a Amurka. Amsar tana cikin takardun ƙidaya. A ƙidayar 1850 da ta 1860, bayi ba su da suna a rajista. Ana rubuta sunan ubangidan, a ƙarƙashinsa a jera shekaru da jinsi da launin fata, kamar lissafin kaya. Mutum kusan miliyan 4 aka ƙirga haka a 1860. Sai a ƙidayar 1870 yawancinsu suka fara bayyana da sunayensu, sunayen ma sau da yawa na waɗanda suka mallake su ne. Saboda haka Baƙin Ba'amurke mai bin salsala yakan yi tafiya har 1870 ya ci karo da bango. Daga baya kuma, tsakanin wajejen 1910 da 1970, mutum kimanin miliyan 6 suka yi ƙaura daga Kudu zuwa biranen Arewa da Yamma, Shikago, Detroit, Cleveland da sauransu, aka sake yanke wata igiyar. Abin da ya tsallake duk wannan shi ne abin da ake ɗauka a jiki: murya, rawa, salon magana, yadda ake aski, yadda ake tafiya da ƙwallo. A nan marubucin yake tono, domin nan ne ajiyar take.

Sunansa ma wani yanki ne na wannan tarihi, kuma mai karatu Bahaushe ba ya buƙatar a fassara masa shi. A gidan Musulmi ya tashi, a gabashin Kolambus, cikin zuriyar da ta biyo bayan zamanin da Baƙaƙen Amurka da dama suka ajiye sunayen da suka gada daga bauta suka ɗauki na Musulunci. Cassius Clay ya zama Muhammad Ali a 1964, ɗan ƙwallon kwando Lew Alcindor ya zama Kareem Abdul-Jabbar a 1971, kuma duka biyun a fagen wasa duniya ta koyi furta sabon sunan. Mahaifiyar Abdurraqib ta rasu bai wuce shekara 13 ba, rashin da ke ɓullowa a kusan duk abin da ya rubuta, ko da kuwa a kan takalmi yake magana. Yana cikin shiga jami'a aka kai harin 11 ga Satumban 2001, sunan da iyayensa suka sa masa ya koma abin da ake ɗaga gira idan an ji.

Ta ƙofar waƙar baka ya shigo rubutu, a gasannin da ake karanta waƙa a gaban jama'a, irin waɗanda Marc Smith ya faro a Shikago a shekarun 1980. Dokokin gasar suna da tasiri a kan zubin waƙar, don haka ya kamata a san su. Minti 3 ake bai wa mai karatu, da rangwamen daƙiƙa 10, bayan nan a fara rage maki. Ba kiɗa, ba kayan wasa. Alƙalai 5 ake tsamowa daga cikin 'yan kallo, kowa ya ba da maki daga 0 zuwa 10, a jefar da mafi sama da mafi ƙasa, a tara ukun tsakiya. Mutumin da ya horu a nan yakan koyi abu biyu: ya kama kunne tun ɗangon farko, kuma ya auna waƙa da numfashi. Illar ita ce waƙar takan jingina da muryar mai ita. A ɗauke muryar a kwantar da kalmomin a takarda, sai a ga rabinsu ihu ne kawai. Dabarar da Abdurraqib ya bi don kauce wa wannan ita ce mayar da numfashin cikin rubutun kansa: doguwar jimla da ba aya sai ƙarshe, alamar & a wurin "da" domin ido ya yi gudu, sai kuma gibi ko karan tsaye a tsakiyar layi inda mai karatu zai shaƙi iska. Waƙoƙinsa da yawa a dunƙule suke kamar zube, ba amsa-amo, amma duk wanda ya karanta su da baki zai ji karin.

A diwaninsa na biyu, na 2019, akwai waƙoƙi da dama masu take iri ɗaya, wanda ma'anarsa ita ce "Ta yaya Baƙaƙe za su rubuta waƙar furanni a irin wannan lokaci". Ya ce maganar ya tsinta ne a bakin wata Baturiya a wajen karatun waƙa, tana ƙorafin wani Baƙin marubuci ya bar zancen zalunci ya koma yabon fure. Maimakon ya amsa mata da hujja, sai ya mayar da tambayar gindin waƙa, ya riƙa komawa kanta da fure daban-daban. Kowace komawa tana rage wa tambayar ƙarfi, har ta zama abin tausayi. Wannan aikin amshi ne sak.

Daga wajen masu gambarar zamani ya ɗauko wata dabarar, kuma a littafinsa na 2019 kan ƙungiyar A Tribe Called Quest ta unguwar Queens a Niyok ya fi bayyana ta. Masu haɗa kiɗa na ƙarshen shekarun 1980 sukan shiga shagunan tsofaffin faifai, ko su kwaso na iyayensu, su yanko ɗan guntun ganga ko jita daga waƙar jaz ta shekarun 1960 ko 1970, su maimaita shi ya zama shimfiɗar sabuwar waƙa. Na'urar da ta yi tashe a lokacin, SP-1200 da ta fito a 1987, daƙiƙa 10 kacal take iya riƙewa, a rabe gida huɗu na daƙiƙa biyu da rabi. Don su ƙara samun wuri, sai su juya faifan da ya kamata ya yi zagaye 33 a minti a kan gudun 45, su naɗa, sannan su sassauta shi a cikin na'urar. Sautin yakan fito da ɗan ƙura-ƙura, wannan ƙurar kuma ta zama tambarin zamanin. Yaron da ya ji sabuwar waƙa ya bi sawun guntun har ya isa ga faifan kakansa ya yi karatun tarihi bai sani ba. A watan Disambar 1991 wata kotun Niyok ta yanke hukunci a kan mawaƙi Biz Markie, alƙalin ya buɗe da dokar Attaura mai hana sata, daga nan yanko ya zama sai da izini da biyan kuɗi ga mai waƙar da kuma mai faifan. Waƙoƙin da ake tara musu guntaye barkatai suka yi tsada, salon ya canja.

Marubuta waƙa na wannan zuriya suna yin irin haka da kalmomi. Terrance Hayes ya ƙirƙiro wani zubi a 2010 don girmama marubuciyar waƙa Gwendolyn Brooks, Baƙar fata ta farko da ta ci kyautar Pulitzer a 1950. Ana ɗaukar ɗango daga waƙar magabaci, a warware kalmominsa, kowace kalma ta zama ƙarshen ɗango a sabuwar waƙar, bi da bi. Idan ɗangon aro yana da kalma 8, sabuwar waƙar ɗango 8 ce, kuma wanda ya bi gefen dama daga sama zuwa ƙasa zai karanta tsohuwar maganar cif. Inda ake faɗuwa shi ne wajen ƙananan kalmomi irin "da" ko "mu", domin ɗangon da ya ƙare da su yakan yi lami sai in an san yadda za a tsallaka da shi zuwa na gaba. Almajirin rubutacciyar waƙar Hausa zai tuna da tahamisi, inda ake ɗora ɗango uku a kan biyun malami su zama biyar. Manufar kusan ɗaya ce, wato a sa magabaci ya ci gaba da magana a cikin bakin na baya.

Inda wannan duka ya haɗu ya cika shi ne littafinsa na 2024 kan ƙwallon kwando, There's Always This Year. Sunan juyin wata magana ce ta magoya bayan ƙungiyoyin da suka saba shan kaye, masu cewa akwai baɗi, shi kuma ya mai da ita akwai bana. Don a gane zubin littafin sai an san agogon wasan. Wasan NBA minti 48 ne, zango 4 na minti 12 kowanne, mutum biyar-biyar, kwando na rataye a tsayin ƙafa 10. Agogon baya yake ƙirgawa, daga 12:00 zuwa 0:00, kuma da alƙali ya busa usur sai ya tsaya cak. Akwai ƙaramin agogo na biyu, na daƙiƙa 24, da aka shigo da shi a 1954: ƙungiyar da ke riƙe da ƙwallo dole ta jefa kafin ya ƙare, in ba haka ba ta miƙa wa abokan karawa. Ga wanda ya saba da ƙwallon ƙafa, inda agogo ke tafiya gaba ba tsayawa, bambancin babba ne. A ƙwallon kwando minti biyun ƙarshe na iya cin sulusin awa na zahiri, saboda laifuffuka da jifan kyauta da hutun da koci ke nema. Lokaci yana miƙewa yana takurewa gwargwadon abin da ke faruwa.

Wannan agogo Abdurraqib ya ɗauko ya kafa a cikin littafin. Akwai share fage, sai zango huɗu, kowanne da lambobin lokaci suna sauka daga 12:00 a tsakanin sakin layi, da 'yan hutu inda waƙoƙi ke shigowa. Amfaninsa a aikace uku ne, kuma na ukun ya fi nauyi. Lambar tana ba shi damar tsallakawa daga wani zance zuwa wani ba tare da gina gada ba, ya bar sanƙon mahaifinsa ya faɗa kan 'yan wasan jami'ar Michigan biyar da suka shigo tare a 1991 da dogayen wanduna da baƙaƙen safa. Tana ba shi ikon sarrafa gudu, shafuka da yawa a cikin minti ɗaya, ko layi guda tsakanin daƙiƙa biyu. Sannan tana sa wa mai karatu fargaba a ciki, domin ya san abin zai ƙare, yana kallon ƙarewar da idonsa. Littafin da ke cike da mutuwar uwa da abokai, da kwanan gidan yari, da lokacin da marubucin ya rasa matsuguni har yana kwana a rumbun ajiyar kaya na haya, bai buƙatar ya tsaya yana wa'azi a kan gajartar rayuwa. Lambobin sun ɗauke masa wannan aiki.

Shahararren ɗan ƙwallon kwando LeBron James ne ginshiƙin da labarin ke kewayawa, ko da yake littafin ba tarihin rayuwarsa ba ne. An haife shi a Akron a ƙarshen 1984, tsararsa ne, ɗan jiharsu ne, kuma tun yana sakandare ake nuna wasanninsa a talabijin na ƙasa. Ƙungiyar birnin Cleveland da ke Ohayo ta ɗauke shi a 2003. Ran 8 ga Yulin 2010 ya sanar kai tsaye a talabijin cewa zai koma Miyami, mutanen gari suka fito suna ƙona rigunansa. Ya dawo a 2014. A watan Nuwamban wannan shekara ta murnar dawowa, ɗan sanda ya harbe Tamir Rice, Baƙin yaro ɗan shekara 12, a wani filin wasan yara na garin. A 2016 ƙungiyar ta kai wasan ƙarshe da Golden State, wadda ta ci wasa 73 cikin 82 a kakar, aka yi wa Cleveland 3 da 1 a jerin wasa bakwai, ta farfaɗo. A wasa na bakwai, ran 19 ga Yuni, ana 89 da 89, saura ƙasa da minti biyu, Andre Iguodala na Golden State ya tashi zai ajiye ƙwallo a kwando, James ya biyo shi daga baya da gudu ya manne ƙwallon a jikin allo. Kyrie Irving na Cleveland ya jefa mai maki uku saura daƙiƙa 53, Cleveland ta ci 93 da 89. Rabon Cleveland da babban kofi tun 1964.

Abin da marubucin ke nema a wannan labari shi ne tambayar tafiya da zama. A unguwannin Baƙaƙe ana yawan auna nasara da fita, wato wane ne ya tsira ya bar unguwa. Shi kuwa ya zauna wani ɗan lokaci a jihar Connecticut ya komo Kolambus, kuma yana ƙin a kira unguwarsu wurin da ake gudu. Shi ya sa yake ba da fili mai faɗi ga gwanayen gida irin Kenny Gregory, wanda ya yi tashe a sakandaren Kolambus, ya buga wa jami'ar Kansas, bai samu gurbi a NBA ba ya ƙarasa a ƙungiyoyin ƙetare. A ma'aunin jarida wannan faɗuwa ce. Ga yaran da suka gan shi yana tashi sama a filin unguwa, lissafin daban ne. A Amurka ƙungiya ma kan yi ƙaura ta bar gari, kamar yadda mai Browns, ƙungiyar ƙwallon zari-ruga na Amurka, ya kwashe ta daga Cleveland zuwa Baltimore a tsakiyar shekarun 1990. Da mai Columbus Crew, ƙungiyar ƙwallon ƙafa da Abdurraqib ke goyon baya, ya so mayar da ita birnin Austin na jihar Texas a 2017, magoya baya suka tashi tsaye, hukumomi suka kai ƙara bisa dokar da Ohayo ta kafa bayan tafiyar Browns, ƙungiyar ta zauna.

Haɗa waƙa da wasa ba baƙon abu ba ne a wajenmu, wanda ya ji Ɗan Anace yana wasa Shago ya sani. Sai dai makaɗin dambe yana bakin fage ne, ɗan damben yana jinsa, waƙar tana shiga damtsensa. Abdurraqib daga cikin 'yan kallo yake rubutu, kuma jigonsa shi ne me kallon ya yi wa mai kallo.

Salon yana da ramuka, masu kwaikwayonsa kuma sun fi faɗawa ciki. Mafi girma shi ne mayar da ɗan wasa ko mawaƙi alama kawai, a ɗora masa tarihin bauta da na ƙaura har mutumin ya ɓace. Maganinsa shi ne a fara da abin da ido ya gani, ƙafa nawa ya taka, ina hannunsa yake, saura daƙiƙa nawa, sai ma'ana ta biyo baya da kanta. Maƙalarsa kan Bruce Springsteen, mawaƙin Amurka Farar fata, misali ce mai kyau. Ya haɗa ziyarar da ya kai garin Ferguson, inda ɗan sanda ya kashe Baƙin matashi Michael Brown mai shekara 18 a watan Agustan 2014, da wani wasan mawaƙin da ya halarta. Bai zagi mawaƙin ba, yana ma ƙaunarsa. Ya dai lura cewa Baƙaƙen da ya gani a zauren ma'aikata ne, kuma waƙoƙin suna ɗaukar cewa matashi zai rayu har ya yi aiki ya yi aure ya tsufa. Lura biyu, hujja ta tsaya.

Akwai kuma matsalar tsufan ambato. Sunan mawaƙin da ya cika gari bana yana iya zama ba kowa nan da shekara goma, don haka sakin layin dole ya tsaya da ƙafarsa ko mai karatu bai taɓa jin waƙar ba. Doka ma tana tura marubuci wannan hanya, domin kwafo baitocin waƙar zamani a littafi yakan buƙaci izini da kuɗi, sai ya zama dole ya siffanta sautin da kalmominsa, wanda galibi ya fi kyau. Rami na gaba shi ne kai, inda kowane zance ke juyowa ga marubucin har a rasa inda wasan ya tafi. A nan ko shi Abdurraqib ba kullum yake tsira ba. Akwai wuraren da kewayen ke yin tsawo, da kiran mai karatu da tausasan kalmomi har ya fara gundura, kuma wanda ya sayi littafin don ya ji dabarun wasa zai ga an bar shi a tsaye. Masu ba da kyauta dai sun karɓe shi: tallafin MacArthur a 2021, lambar Carnegie a 2022 saboda littafinsa kan Baƙaƙen masu nishaɗantarwa, A Little Devil in America, wanda ya ɗauko sunansa daga jawabin mawaƙiya Josephine Baker a gangamin Washintan na 1963.

Wani abin da kan ba sabon mai karatu mamaki shi ne, mutumin da ya rubuta dukan wannan a kan Cleveland ba ita ce ƙungiyarsa ta zuciya ba. Minnesota Timberwolves yake bi, ƙungiyar da ta fara wasa a 1989, kuma har zuwa kakar 2025 ba ta taɓa kaiwa wasan ƙarshe na NBA ba.